Ruwa Mai Gudu da Ruwa Mai Tafasa: Wanne Ya Ɗauki Nauyin Zamanin Masana'antu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadama da rani ya ga mai lambu yana ban ruwa da jigo, ya riga ya ga rabin labarin nan. Doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a wannan kai, curin laka a wancan. Mai lambu ya ja igiya guga ya nutse, ya sassauta hannu nauyin laka ya ɗago masa ruwa. Ɗaya rabin labarin kuwa yana wurin mai shayi, inda murfin buta ke rawa idan ruwa ya tafasa. Shekara ɗari uku da 'yan kai da suka wuce, wani maƙeri a Ingila ya haɗa jigo da buta wuri guda, ya sa tururi ya yi aikin da hannun mai lambu ke yi. Daga nan aka samu injin tururi.

Labarin da aka saba ba ɗalibai shi ne, da injin nan ya bayyana sai masana'antu suka tsiro, jiragen ƙasa suka kama gudu, duniya ta sake kama. Akwai gaskiya a ciki. Amma tururi bai tarar da fili wayam ba. Ya tarar da wani tsohon ma'aikaci yana bakin aiki, wato ruwa mai gudu, wanda ke juya wili a bakin kogi, yake ɗaukar kaya a bayansa, yake gangarowa gari da ƙafarsa. Shekara sama da ɗari suka yi kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci suna kishi, wani lokaci suna taimakon juna. Kafin a ce wane ya fi wane, ya kamata a ɗora su a ma'auni a wurare uku: a masana'anta, a kan hanya, da kuma wajen sarrafa ruwan kansa.

Ta fuskar shekaru, wilin ruwa kaka ne. Romawa sun niƙa hatsi da shi. A ƙidayar dukiyar Ingila da aka yi a 1086, an lissafa wuraren niƙa masu amfani da ruwa sama da 5,000. Da tafiya ta yi tafiya aka sa shi hura zugazugin maƙera, da ɗaga manyan gudumomi, da bugun tufa, da tsaga katako. Kuma bai tsaya inda kakanni suka bar shi ba. A 1759 injiniya John Smeaton ya gabatar da sakamakon gwaje-gwajensa, ya nuna cewa wilin da ruwa ke zubo masa ta sama, nauyin ruwan ya riƙa rinjayarsa, ya ninka ƙarfin wanda ruwa ke tunkuɗa ta ƙasa kusan sau biyu. Bayan haka aka koma ƙera wili da ƙarfe maimakon itace. Wato a daidai lokacin da tururi ke rarrafe, ruwa ma sabon ƙarfi yake ƙarawa.

Injin tururi kuwa matsala ce ta haife shi, kuma matsalar ruwa ce. Masu haƙar kwal da kuza da tagulla sun yi ta nitsawa ƙasa har suka kai inda ruwa ke cika ramuka fiye da yadda dawaki za su iya kwashewa. Thomas Savery ya yi rajistar wani famfon tururi a 1698, amma bai iya jawo ruwa daga rami mai zurfi ba. Sai a 1712 Thomas Newcomen, maƙeri daga Dartmouth, ya kafa injin da ya yi aiki sosai a wata mahaƙar kwal kusa da Dudley. Ga yadda yake: ƙaton gungumen itace a kan katanga, kamar jigo. A kai ɗaya sandunan famfo sun sauka cikin rami, a ɗaya kan kuma fistan ne a cikin silinda, tukunya na tafasa a ƙarƙashinta. Tururi ya cika silinda, sai a fesa masa ruwan sanyi. Nan take ya koma ruwa, cikin silinda ya zama wayam, iskar waje ta danna fistan ƙasa, gungume ya rinjaya, ruwa ya taso daga rami. Kamar sau 12 yake yin haka a minti ɗaya, dare da rana, ba gajiya ba neman ciyawa.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba: cin kwal. Kowane bugu sai an ɗumama silinda an kuma sanyaya ta, zafi yana tafiya a banza. A bakin mahaƙar kwal wannan ba abin damuwa ba ne, tunda garin kwal da ba ya sayuwa aka riƙa zuba masa. A Cornwall kuwa, inda ake haƙar kuza da tagulla amma babu kwal sai an yi dakonsa ta teku, kuɗin wuta ya kusa karya masu ramuka. James Watt, mai gyaran kayan awo a Jami'ar Glasgow, shi ya gano magani a 1765: a bar silinda da zafinta, a janye tururin zuwa wani akwati daban mai sanyi ya koma ruwa a can. Ya yi rajistar dabarar a 1769, ya haɗa gwiwa da attajiri Matthew Boulton na Birmingham a 1775. Injinsu ya rage cin kwal da fiye da rabi, har suka riƙa karɓar ladansu daga kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal ɗin da mai rami ya tsira da shi.

Duk da haka, shekara kusan saba'in injin tururi bai san komai ba sai sama da ƙasa. Ɗaga ruwa ya iya, juya inji bai iya ba. Saboda haka a maƙerar ƙarfe ta Coalbrookdale, wajen 1742, aka kafa injin Newcomen don ya kwaso ruwan da ya riga ya wuce wili ya mayar da shi tafkin sama, ya sake gangarowa ya juya wilin. A nan tururi bara ne, wili ne maigida. Sai daga 1781 Watt ya fitar da dabarar mayar da bugun sama da ƙasa ya zama juyi, sannan tururi ya samu damar shiga masana'anta da ƙafarsa.

To, a masana'anta me kowannensu ya kawo? Ruwa ya kawo araha. Gina madatsa da haƙa magudana da ƙera wili suna cin kuɗi, amma da an gama shi ke nan, kogi ba ya aiko da takardar biya. Wili ba ya buƙatar mai zuba masa wuta, ba ya fashewa, gyaransa kafinta da maƙeri sun isa, juyinsa kuma a natse yake, abin da zaren auduga ke so don kada ya tsinke. Tururi kuwa kullum da bakinsa a buɗe. Sai an saya masa kwal, an yi dakonsa, an ɗauki mai kula da tukunya, an nemo ƙwararren da zai gyara shi idan ya tsaya. Inda kwal ya yi nisa, lissafi yakan koma wajen ruwa. A tsibirin Man, inda babu kwal, a 1854 aka gina wilin Laxey mai faɗin mita 22 don ya zuƙe ruwa daga mahaƙar darma, shekara 142 bayan injin Newcomen. Yana nan tsaye har yau.

Sai dai araha tana da sharuɗɗanta. Ruwa ba ya zuwa wurinka, kai ne za ka je wurinsa, kuma sai inda yake da gangara. Richard Arkwright ya kafa masana'antarsa ta kaɗin auduga a 1771 a Cromford, wani kwari a Derbyshire. Samuel Greg ya kafa tasa a Quarry Bank a bakin kogin Bollin a 1784. David Dale ya zaɓi gangaren kogin Clyde ya gina New Lanark. Duk wuraren nan ƙauyuka ne, ruwa ya wadata amma mutane sun yi kaɗan, dole mai masana'anta ya gina gidaje da kanti da makaranta kafin ya samu ma'aikata. Ga kuma yanayi. Fari ya zo ruwa ya ja baya, hunturu ya zo ruwa ya daskare, ambaliya ta zo wili ya nutse ya kasa juyi. Ko Quarry Bank, da take dogara da wili, sai da ta sayi injin tururi a 1810 don ranakun da kogi ya gaza.

Tururi kuwa ya kawo 'yancin wuri da 'yancin lokaci. Duk inda kwal zai iya kaiwa, inji zai iya zama. Ba ruwansa da rani ko damina. Idan kasuwa ta buɗe ana son ƙarin ƙarfi, sai a sayo wani injin a kafa kusa da na farko, alhali mai wili ba shi da ikon ƙara wa kogi ruwa. Shi ya sa daga shekarun 1790 manyan masana'antun kaɗi suka fara tashi a unguwar Ancoats ta Manchester, a tsakiyar jama'a, kusa da kasuwa da dillalai da makanikai. Mai masana'anta ya huta da gina ƙauye; ma'aikata na bakin ƙofa kowace safiya, wanda ya ƙi wani zai karɓa. Mutanen Manchester, da ba su wuce dubu 75 ba a 1801, sun haura dubu 300 a 1851.

Ga talaka mai aiki, kowane allazi da nasa amanu. Masana'antun bakin kogi, saboda ƙarancin mutane, sun dogara da yaran da aka kwaso daga gidajen marayu da na matalauta. A Quarry Bank akwai gida na musamman da aka tara su. Yaro ɗan shekara tara ko goma zai tashi tun duhun asuba, ya yi awa 12 yana ɗaura zaren da ya tsinke ko yana rarrafe ƙarƙashin inji yana share ƙurar auduga, ba albashi sai ci da kwana, ba kuma damar tafiya sai wa'adinsa ya cika. A birnin tururi ma'aikaci yana da albashi, yana iya sauya ubangida, amma a ɗaki mai laima yake kwana, hayaƙi yake shaƙa, ƙarar ƙararrawa ce ke raba masa dare da rana. Audugar da wili da tururi suka kaɗa kuma, mafi yawanta daga gonakin kudancin Amurka take, inda bayi 'yan asalin Afirka ke nomanta. A wannan babu wanda hannunsa ya fita da tsabta.

Idan aka koma ga alƙaluma, masu binciken tarihin tattalin arziki sun nuna cewa sai wajen 1830 ƙarfin injunan tururi a Birtaniya ya kamo na wilin ruwa. Ke nan shekarun farko na juyin masana'antu, waɗanda suka sa auduga ta zama sarauniyar kasuwa, a bayan ruwa aka goya su. A Amurka ma ruwa ya fi daɗewa a gaba. Birnin Lowell na jihar Massachusetts, wanda aka gina a shekarun 1820 a gangaren kogin Merrimack, ya zama cibiyar saƙa ta ƙasar da ƙarfin ruwa, kuma sai bayan yaƙin basasarsu tururi ya sha gaban ruwa a masana'antun ƙasar. Amma daga inda tururi ya kamo, bai sake waiwaye ba. Wuraren kafa wili a bakin koguna ƙidayayyu ne, kuma masu kyau an riga an kama su. Kwal kuwa a lokacin kamar ba zai ƙare ba.

Mu koma kan hanya. A nan ruwa ba ya juya komai, ɗauka yake yi. Dokin da zai sha wahala da tan ɗaya ko biyu a amalanke bisa hanyar laka, idan aka ɗaura masa jirgin dako a haƙaƙƙiyar hanyar ruwa, tan 30 zai ja yana tafiya a hankali a gefen gaɓa. A 1761 aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda James Brindley ya yi aikinta, daga ramukan kwal na Worsley zuwa Manchester, sai farashin kwal a garin ya faɗi da kusan rabi. A Amurka hanyar ruwa ta Erie, mai tsawon mil 363, da aka gama a 1825, ta haɗa manyan tafkunan arewa da kogin Hudson, ta karya kuɗin dako, ta ɗaga birnin New York. Sannu ba ta hana zuwa: kwal da tubali da hatsi da tangaran ba sa gaggawa, kuma tangaran ya fi son lallashin ruwa da girgizar amalanke.

Tururi a kan dogo kuwa sauri ya kawo. A 1804 injin Richard Trevithick ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum 70 tafiyar mil tara da 'yan kai a Penydarren ta ƙasar Wales, sai dai nauyin injin ya farfasa dogon. A 1825 aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington. A gasar Rainhill ta 1829, kan jirgin da George Stephenson da ɗansa Robert suka ƙera, mai suna Rocket, ya yi gudun kusan mil 30 a awa, abin da ba a saba gani ba. Shekara ɗaya bayan haka, ran 15 ga Satumba 1830, aka buɗe layin Liverpool zuwa Manchester, tafiyar ta koma kimanin awa biyu. A ranar ce kuma jirgi ya take ɗan majalisa William Huskisson ya rasu, murna da makoki suka haɗu a yini guda. Zuwa 1850 Birtaniya tana da dogo kimanin mil 6,000. Dogo yana hawa inda hanyar ruwa ba ta iya hawa sai da ƙofofi bisa ƙofofi masu tare ruwa su ɗaga jirgi, ba ya daskarewa da sanyi, ba ya ƙafewa da fari. Madara da kifi da jarida da wasiƙa da fasinja, duk abin da jinkiri ke ɓatawa, suka koma jirgin ƙasa.

A nan ma idan aka duba da kyau, za a ga hannun kowanne a aikin ɗan'uwansa. Kwal ɗin da injunan Manchester suka ci a shekarunsu na farko, a bayan ruwa ya iso gari. Su kuma hanyoyin ruwan, duk jirgin da ya ratsa ƙofa sai ruwa ya gangara ƙasa, saboda haka aka kafa injunan tururi su riƙa mayar da shi sama: na Smethwick tun 1779, na Crofton kuma a farkon ƙarni na 19, wanda har yanzu akan hura masa wuta ya yi aiki. Da aka gwada sa injin a cikin jirgin kansa, wato Charlotte Dundas a Sikotilan a 1803, ya ja jiragen dako biyu lafiya lau, amma masu hanyar suka hana shi don tsoron igiyar ruwansa za ta zaizaye gaɓa.

A manyan koguna ne auren nasu ya fi armashi. Kogi hanya ce kyauta, amma mai gangara ɗaya: zuwa da sauƙi, dawowa da wuya. Tururi ya ba jirgi ikon yin gaba da ruwa. A 1807 jirgin Robert Fulton ya haura kogin Hudson daga New York zuwa Albany, mil 150, cikin awa 32. Shekara 25 bayan haka labarin ya iso ƙofarmu. A 1832 Macgregor Laird da Richard Lander suka shigo kogin Kwara da jiragen tururi biyu, ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma na ƙarfe, sunansa Alburkah, wato albarka. Zazzaɓi ya kashe mafi yawan Turawan da ke ciki. A 1854 Dokta William Baikie ya haura Binuwai da jirgin Pleiad, mutanensa suna shan kwinin, ya koma ba tare da ya rasa Bature ko ɗaya ba. Daga nan kogin ya buɗe wa 'yan kasuwar Turai, bayan 'yan kasuwa kuma bindiga ta biyo. Injin da ya kawo haja shi ya kawo mulkin mallaka.

Kuma a ƙasarmu ma an sake yin irin awon da aka yi a Ingila. Kwara tana cika tana ja da baya, manyan jirage ba sa isa can ciki sai lokacin cikar ruwa. Don haka a zamanin Gwamna Percy Girouard aka fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin kogi, a 1907, ya isa Kano a 1911, da gumin talakawan da aka ɗebo aikin tilas ta hannun sarakuna da hakimai. Auduga Turawa suka sa rai za ta riƙa gangarawa masaƙun Lancashire a Ingila. Manoman Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, daga 1912 buhunanta suka cika tasha, har daga baya aka yi dalar gyaɗa. Kwal ɗin da aka gano a Udi kusa da Inugu a 1909 shi ya riƙa ciyar da kawunan jiragen. Dattawanmu da suka ga zamanin har yau suna ba da labarin baƙin kan jirgi yana tsayawa a tasha ya sha ruwa daga tanki, mai zuba kwal ya yi baƙi ƙirin, gumi na tsiyaya, kafin a busa usur a ci gaba. Jirgin tururi, ko a tsakiyar Sahel, ba ya motsi sai da ruwa.

Saura awo na uku, wato shayar da birane da raba ƙasa da ruwan da ya yi mata yawa. Inda Allah ya ba gari tudu da gangara, ruwa ya isa ya yi wa kansa hidima. Tun 1582 Peter Morice ya kafa wili a ƙarƙashin Gadar Landan yana tura ruwan kogin Thames cikin gari, aikin da ya ci gaba har 1822. Birnin Philadelphia na Amurka ya fara da tururi a Fairmount a 1815, amma itacen da injunan ke ci ya yi tsada, tukunya ta fashe aka rasa rayuka, sai a 1822 suka datse kogin Schuylkill suka koma wili, kuɗin aiki ya sauko ƙasa warwas. Glasgow kuwa, garin da Watt ya gano dabararsa, a 1859 ta jawo ruwan tafkin Katrine daga duwatsu, tafiyar kimanin mil 26, yana gangarowa da nauyinsa ba tare da an ƙona kwal ko dunƙule ɗaya ba.

Inda ƙasa ta kwanta shamfal kuwa, ko ta yi ƙasa da teku, ruwa ba shi da gangarar da zai ɗaga kansa. Mutanen Holan sun daɗe suna dogara da injunan iska, amma iska tana da ranakun hutunta. Tafkin Haarlem ya yi ta cin ƙasa har ana kiransa kyarkecin ruwa. A ƙarni na 17 Jan Leeghwater ya ba da shawarar a zuƙe shi da injunan iska kimanin 160, ba a yi ba. A 1836 guguwa ta kora ruwansa har ƙofar Amsterdam, ta sake kora shi Leiden, sai hukuma ta yanke shawara. Tashoshin tururi uku aka gina, Leeghwater da Lynden da Cruquius. Silindar Cruquius, da aka ƙero a Cornwall, faɗinta ya haura mita uku da rabi, tana ɗaga jiguna takwas a bugu ɗaya. A 1852 tafkin ya ƙafe, aka samu ƙasar noma kimanin murabba'in kilomita 180. Filin jirgin saman Schiphol a tsohon gindin tafkin yake. Wannan aiki ne da wilin ruwa ba zai taɓa iyawa ba.

Landan ta nuna fuska biyu na famfon tururi. Famfo ba ya tambayar tsabtar abin da yake turawa. Kamfanonin ruwa sun riƙa zuƙo Thames daga inda ƙazantar gari ke zuba suna aikawa gidajen mutane. A annobar kwalara ta 1854 Dokta John Snow ya gwada gidajen da ke shan ruwan kamfanin Southwark da Vauxhall da na kamfanin Lambeth, wanda ya riga ya mayar da wurin ɗibansa can sama da gari, ya tarar mace-mace sun ninka sau da yawa a na farkon. Bayan ɗoyin kogin ya addabi majalisa a 1858, aka ba Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙazanta. Ya bar gangara ta yi iyakar abin da za ta iya, inda ta ƙare kuma ya kafa tururi: injuna huɗu a Crossness a 1865, wasu a Abbey Mills a 1868, suna ɗaga ƙazantar birni su fitar da ita nesa. Ƙarfin da ya taimaka wajen yaɗa cuta shi aka juya ya taimaka wajen kawar da ita.

Ta wajen hatsari ma ba wanda ya tsira. Ruwan da aka tsare yakan ɓalle: a 1852 madatsar Bilberry, wadda aka gina don masana'antun kwarin Holmfirth, ta fashe cikin dare ta kashe mutum 81. Tururin da aka matse yakan fashe: a 1865 tukunyar jirgin Sultana ta tashi a kogin Mississippi, sama da mutum dubu suka halaka. Amma ɓarnar tururi ba ta tsaya a bakin tukunya ba. Ta sauka rami, inda fashewar mahaƙar kwal ta Felling ta ci mutum 92 a 1812, cikinsu har da yara. Ta hau sama ta zama hayaƙin da ya rufe birane. Hayaƙin nan kuwa bai tsaya a Ingila ba, yana cikin abin da ya tara zafin da duniya ke fama da shi yau, mu da ke bakin hamada muna cikin masu ɗanɗana kuɗarsa. Ɓarnar ruwa tana tsayawa a kwarin da ta faru. Ta kwal tana bin iska, tana bin jikoki.

To, ina ma'auni ya rinjaya? A ganina, wanda ya ce tururi ne ya fara juyin masana'antu ya zalunci ruwa, domin a kan wili aka koyi tsarin masana'anta, a kan hanyar ruwa aka yi dakon kwal ɗin farko. Wanda kuma ya ce da ruwa kaɗai za a kai inda aka kai ya zalunci tururi, domin babu kogin da zai zuƙe ramin Cornwall, ya ƙafar da tafkin Haarlem, ya hau tudu daga Baro zuwa Kano. Wajen araha da tsabta da daɗewa, ruwa ne a gaba. Wajen isa ko'ina, a kowane lokaci, da kowane yawa, tururi ne a gaba, kuma wannan shi ne abin da ya sauya duniya. Ruwa yana ba da ƙarfi bisa sharaɗinsa, sai ka bi wurinsa da lokacinsa. Tururi ya ba mutum damar gindaya nasa sharaɗin, amma da bashi, kuma har yanzu ba a gama biya ba.

Ba kuma a rabu ba har gobe. A 1827 Benoît Fourneyron na Faransa ya mayar da wili ya zama inji mai farfela da ke juyi cikin ruwa, a 1884 Charles Parsons na Ingila ya yi wa tururi irin wannan. Jikokin waɗannan injuna biyu su ke ba mu lantarki. Ruwan Kwara ne ke juya injunan madatsar Kainji tun 1968, tururi ne ke juya na tashar Egbin da ke Legas, wutarsu kuma a waya ɗaya take haɗuwa. Wanda ya kunna ƙwan lantarki a Kano ko Sakkwato ba zai iya bambance wanne ya haska masa ɗaki ba. Abin da ya rage gare mu shi ne darasin da Philadelphia da Haarlem suka bari: a dubi ƙasa kafin a zaɓi inji. Inda akwai gangara, a bar ruwa ya yi aikinsa. Inda babu, a hura wuta, amma a san nawa za ta ci, a kuma san wa zai biya.